Babi na Shida: Ƙofar Fita

A ranar 23 ga Maris 2022 aka kwashe dukiyar da ta haura dala miliyan 600 daga gadar Ronin, hanyar da masu wasan Axie Infinity ke bi su shigar da kuɗinsu ko su fitar. A lokacin makullai 9 ne ke gadin wurin, sai 5 daga ciki sun sa hannu kuɗi ke motsawa, ɓarayin kuwa suka samu biyar ɗin cif. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana 6 da suka biyo baya. Kamfanin wasan bai sani ba, masu wasa ba su sani ba. Duk wanda ya buɗe wayarsa zai ga lambobinsa suna nan daram. Sai ranar 29 ga wata, da wani ya zo cire Ether 5,000 abin ya ƙi, ya kai kuka, sannan aka leƙa asusun aka tarar wayam. Daga baya hukumomin Amurka suka ɗora alhakin satar a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa.

Lambar da ke fuskar wayarka magana ce kawai da manhaja ta faɗa maka. Ko gaskiya ce ko ƙarya, ba za ka sani ba sai ranar da ka nemi kuɗin ya taso daga inda yake ya zo hannunka. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM a Najeriya sun ɗanɗana wannan tun Disambar 2016 da aka rufe cirewa. Masu ajiya a Celsius sun gani a Yunin 2022, na FTX kuma a Nuwamban shekarar. A ƙarshen 2021 an yi wani kuɗi mai suna SQUID da ya ari sunan fim ɗin nan na Koriya, farashinsa ya yi ta hawa har ya wuce dala 2,800. Saye ba wuya, amma an rubuta kwantiraginsa ta yadda talakan mai saye ba zai iya sayarwa ba. Da a ce kowane mai saye ya fara da na dala 1, ya juyo nan take ya gwada sayarwa, da cikin minti biyar ya gane inda aka dosa. Masu shi sun tsere da sama da dala miliyan 3.

Mu dai yawanci da kunne muke koyon sabon aikin kirifto. Wane ya ce za ta fashe. An turo bidiyo a WhatsApp, an nuna sunayen manyan kamfanonin da aka ce sun zuba jari. Mai ƙoƙari a cikinmu shi ne wanda ya buɗe takardar bayanin aikin ya karanta shafi biyu. Ban raina karatu ba, amma takardar nan masu aikin ne suka rubuta ta, kuma abin da suke fatan ya kasance suka rubuta. Gani ya kori ji. Sa'ar da aka yi a wannan fanni ita ce akwai hanyar gani da ido, a taɓa da hannu, ba tare da an yi asarar ko kwabo ba.

'Yan kirifto suna kiranta tesnet. Kwafin bulokcen ne da aka ware don gwaji: manhaja iri ɗaya, dokoki iri ɗaya, sai dai kuɗin cikinsa ba shi da daraja, kyauta ake raba shi. Al'adar ta daɗe. Kafin a buɗe Ethereum a ranar 30 ga Yuli 2015, sai da aka saki wani filin gwaji mai suna Olympic, aka ware ladan Ether 25,000 ga masu iya wahalar da shi har ya nuna rauninsa. Haka kuma kafin babban sauyin 15 ga Satumba 2022, lokacin da Ethereum ya bar haƙa da na'urori ya koma tsarin jingina kuɗi, sai da aka maimaita sauyin a filayen gwaji uku: Ropsten a Yuni, Sepolia a Yuli, Goerli a Agusta. Injiniyoyin da suka gina abin da hannunsu ba su yarda da takardarsu ba sai da suka gwada. Ban ga dalilin da ni da kai za mu fi su saurin yarda ba.

Zan ɗauki Arbitrum in bi shi mataki-mataki. Yau ba sabo ba ne, kuma shi ya sa na zaɓe shi: mun ga ƙuruciyarsa, mun ga girmansa, don haka za mu iya auna abin da gwaji ya nuna da abin da ya faru daga baya. Kamfanin Offchain Labs ne ya gina shi, wanda Ed Felten, malami a Jami'ar Princeton da ya taɓa aiki a Fadar White House, ya kafa a 2018 tare da Steven Goldfeder da Harry Kalodner. An buɗe wa kowa shi a ranar 31 ga Agusta 2021. Matsalar da ya zo warwarewa sananniya ce a lokacin. Ethereum ciniki kusan 15 yake iya ɗauka a daƙiƙa guda, idan kuwa aka yi cunkoso sai kuɗin gas, wato ladan da ake biya kan kowane ciniki, ya yi tashin gwauron zabo, har musayar kuɗi sau ɗaya ta ci dala 50 ko fiye.

Dabarar Arbitrum ta yi kama da ta babban ɗan kasuwa mai yaron shago. Yaron ne ke karɓar ƙananan ciniki yana rubutawa a littafinsa, can sai ya tattara ya kai wa maigida a dunƙule. Maigida ba ya bin kowane layi, yana karɓa ne da kyakkyawan zato, amma ya ba da mako guda: duk wanda ya ga ha'inci a lissafin ya zo da hujja, a warware. Ethereum ne maigidan, Arbitrum ne yaron. Wannan makon na ƙorafi shi ne ginshiƙin amincin tsarin gaba ɗaya, kuma za ka ci karo da shi da kanka idan ka zo fita.

Abu na farko, sabuwar lalita. Ka sauke MetaMask ko makamanciyarta daga shafinta na asali, ka buɗe sabon asusu da ba ruwansa da inda kake ajiye kuɗinka na gaske. Za ta ba ka kalmomi 12, waɗanda aka zaɓo daga jerin kalmomi 2,048. Rubuta su a takarda. Duk da lalitar gwaji ce, ka riƙe su yadda za ka riƙe na gaske, domin hannu abin da ya saba shi yake yi. Daga nan sai famfo, wato shafin da ke ɗiga maka Ether na gwaji a kan Sepolia idan ka liƙa adireshinka, wannan dogon rubutu mai harufa 42 da ke farawa da 0x. Wasu famfunan za su ce sai kana da ɗan Ether na gaske kafin su ba ka, don korar masu buɗe asusu ɗari-ɗari. Idan wani ya ƙi, nemi wani. Kar ka sayi kuɗin gwaji. A farkon 2023 Ether na Goerli ya yi ƙaranci har aka buɗe masa kasuwa, farashinsa ya taɓa wuce dala 1, alhali an riga an san filin na dab da ritaya. Yanzu an daina amfani da shi.

Da ɗan abin da famfo ya ba ka sai ka nufi gada. Ka haɗa lalitarka da shafin gadar Arbitrum, ka zaɓi tasowa daga Sepolia zuwa Arbitrum Sepolia, ka tura rabi. Rabi na ce, kuma za ka ga dalili. Bayan kamar minti goma zuwa sha biyar kuɗin zai iso. A nan ne mutum ke fara koyon abin da ba a faɗa a bidiyo. Ka duba lalitarka ka ga abin da ka tura ya ɓace, gabanka ya faɗi. Bai ɓace ba, lalitar ce har yanzu take kallon Sepolia. Sai ka juya ta zuwa ɗaya layin, mai lamba 421614, sannan kuɗin ya bayyana. Adireshi ɗaya ne a layukan biyu, amma littattafan daban. Mutane da yawa sun fara fahimtar wannan ne ranar da suka tura kuɗin gaske ta layin da kasuwar da suka tura wa ba ta karɓa. Gara gaban ya faɗi a kan kuɗin famfo.

Yanzu buɗe asusu na biyu a cikin lalitar, ka tura wa kanka ɗan wani abu. Kafin ka ɗauke yatsa an ce ya tafi. Kwafi lambar cinikin, 0x da harufa 64 a bayansa, ka liƙa a Arbiscan na gwaji, shafin da ke nuna duk abin da ke gudana a kan layin. Za ka ga wanda ya tura, wanda ya karɓa, adadin, lokacin, da abin da gas ya ci.

Na taɓa zama da wani ƙanena da ya daɗe yana tara maki a wasannin Telegram, muka bi waɗannan matakai a wayarsa. Da shafin ya buɗe ya ga adireshinsa da ɗan kuɗin da ya tura, sai ya yi shiru yana ja sama yana ja ƙasa. Ya ce, "Yaya, ke nan kowa ma zai iya ganin wannan?" Na ce kowa, ko a Sin yake, kuma ba mai iya gogewa. Ya ɗan yi tunani, ya buɗe wasan da yake dannawa kullum, ya nuna mini miliyoyin makin da ya tara, ya ce, "To waɗannan a wane shafi zan duba su?" Na ce ya nemo adireshin kwantiraginsu mu liƙa. Ya shiga nan ya fita can, babu. Makin suna cikin kwamfutar masu wasan ne kaɗai, su ke ƙarawa, su ke ragewa, su ne kuma za su yanke nawa kowane maki zai zama ranar rabo, idan ranar ta zo. Ban ƙara masa ko kalma ba, shi ya gano abinsa.

Saurin nan da ka gani yana da mai shi, kuma ya kamata ka tambayi ko wane ne. Na'ura guda ce ke karɓar ciniki a Arbitrum tana jera su, ana ce mata sikwensa, kuma Offchain Labs ne ke gudanar da ita. Ita ce ta ce maka ya tafi. Ethereum bai riga ya ji labari ba sai an kai masa dunƙulen, abin da Arbiscan zai nuna maka bayan wasu mintuna. Idan na'urar ta tsaya fa? Ta taɓa tsayawa: na sa'o'i a Janairun 2022 saboda matsalar kayan aiki, sannan a Disambar 2023 da cunkoso ya danne ta. Ba ta da ikon sace kuɗinka, amma tana iya jinkirta ka. Masu tsarin sun tanadi wata ƙofa ta baya: kana iya ajiye cinikinka kai tsaye a kan Ethereum, idan sikwensa ta yi biris da shi har awa 24, sai ka tilasta a shigar da shi. Duk sabon aikin da ya yi maka alfahari da sauri, tambayi wa ke riƙe da na'urar, kuma ina ƙofar bayan take. Da yawansu ba su da ita.

Akwai wata taga da nake so ka tsaya a kanta ka karanta da kyau, domin ta nan aka fi yashe lalitar mutane. Nemi USDC na gwaji a famfon kamfanin Circle, ka gwada kai shi wani shafin musaya ko gada. Kafin komai lalitarka za ta nuno neman izini: kwantiragi kaza yana so ka yarje masa ya taɓa USDC ɗinka, har zuwa adadi kaza. Dubi adadin. Sau da yawa shafin ya riga ya cike maka gurbin da abin da ba shi da iyaka, wanda a ƙarƙashi lamba ce mai alƙaluma 78. Idan ka danna amincewa, ka ba kwantiragin damar kwashe duk USDC da ke lalitar, na yau da wanda zai shigo baɗi, kuma izinin ba ya mutuwa don ka rufe shafin. Goge lambar, ka rubuta daidai abin da za ka kashe. Bayan ka gama, je Revoke.cash ka ga jerin izinin da ka bayar, ka soke ɗaya, ka lura cewa sokewar ma ciniki ce mai cin gas. Wanda ya yi wannan sau biyu-uku da kuɗin wasa, idonsa ba zai ƙara tsallake tagar nan ba.

Ka kuma yi ɓarna da gangan. Tura ciniki da gas ɗin da bai isa ba, ka ga yadda yake faɗuwa, ka ga kuma an ci kuɗin gas ɗin duk da bai yi nasara ba. Filin gwaji don haka aka yi shi.

Sai fita, wadda ita ce dalilin wannan babi. Koma gada, ka juya akalar daga Arbitrum Sepolia zuwa Sepolia. Za ka tarar fita ba ta yi kama da shiga ba ko kaɗan. Shiga danna ɗaya ce da ɗan jira. Fita kuwa hawa biyu ce: ka fara nema a kan Arbitrum, kuɗin ya bar lalitarka, ka jira, sannan ka dawo ka karɓa a kan Ethereum da wani cinikin dabam. A filin gwaji an taƙaita jiran. A layin gaske kusan mako guda ne cur, makon nan na ƙorafi, kuma a tsawonsa kuɗin ba ya nan ba ya can, ba ka iya sayar da shi ko kasuwa na rugujewa. Hawa na biyun kuma gas na Ethereum yake ci, mai tsada, kuma da Ether da ke can gefen Ethereum ake biya. Wanda ya kwashe komai ya tsallaka da shi zai zo karɓar kuɗinsa ya tarar ba shi da abin biyan kuɗin karɓa. Dalilin rabin da na ce ka bari ke nan.

Akwai gajerun hanyoyi. Gadoji irin su Hop da Across za su ba ka kuɗinka a ɗaya gefen cikin mintuna, su karɓi lada, su su yi jiran. Manyan kasuwannin kirifto ma suna karɓa kai tsaye daga Arbitrum. Hanyoyi ne masu amfani, sai dai duk wadda ka bi ka ƙara mutum ɗaya a cikin waɗanda ka ba amana, kuma gadoji na daga cikin wuraren da aka fi yi wa sata a tarihin kirifto. Kusan wata biyu kafin Ronin an kwashe kusan dala miliyan 320 daga gadar Wormhole.

Jiran mako zai sa mai hankali ya yi tambaya ta gaba: wa ke da ikon kai ƙorafin? Shekaru bayan buɗe Arbitrum, wasu zaɓaɓɓun masu tantancewa ne kaɗai aka yarje wa. Sai a Fabrairun 2025 aka kunna tsarin BoLD da ya buɗe ƙofar ga kowa. Wa kuma zai iya sauya kwantiragin da ke riƙe da kuɗin gadar? Akwai majalisar tsaro mai mutum 12, idan 9 suka sa hannu suna iya yin sauyin gaggawa. Ba ɓoye wannan aka yi ba, a rubuce yake, kuma akwai hujja mai ƙarfi a kansa: idan aka gano ɓaraka, dole a samu masu iya toshe ta kafin ɓarayi su farga. Amma wanda aka gaya wa cewa a kirifto ba mai iko da kuɗinka sai kai, ya kamata ya san rabin zancen aka faɗa masa. Shafin L2Beat yana jera irin waɗannan ayyuka yana nuna makullan da suka rage a hannun masu su. Na fi amincewa da aikin da ya ce ga makullanmu, ga masu riƙe da su, ga lokacin da muke sa ran sakinsu, a kan wanda ya ce shi ba shi da makulli sam.

Kar kuma a ɗora wa gwaji abin da ba zai iya ɗauka ba. A Satumbar 2022, jim kaɗan bayan babban sabuntawar da aka kira Nitro, wani mai binciken tsaro ya gano kuskure a kwantiragin gadar Arbitrum wanda da ɓarawo ne ya riga shi, da ya karkatar da Ether da mutane ke shigowa da shi. Ya sanar da kamfanin, aka gyara, aka ba shi ladan Ether 400. Ni da kai ko sau dubu muka tsallaka gadar ba za mu ga wannan ba, sai mai karanta lambobin manhaja layi-layi. Filin gwaji kuma ba shi da cunkoso na gaske, ba shi da ɓarayi masu yunwa, ba shi da farashi. A Yunin 2022 Arbitrum ya shirya wani gangamin jawo masu amfani mai suna Odyssey, jama'a suka yi dafifi har gas ya yi tsada, dole aka dakatar. Ranar rabon kuɗinsa ma shafin karɓa durƙushewa ya yi.

Halin mutane ma ba ya fitowa a tesnet. An raba ARB, kuɗin Arbitrum, a ranar 23 ga Maris 2023, aka ce daga yau masu riƙe da shi ne ke mulkin tsarin da ƙuri'arsu. Ba a yi mako biyu ba rigima ta tashi. Shawara ta farko da aka kawo gaban masu ƙuri'a ta ƙunshi ba gidauniyar Arbitrum ARB miliyan 750, kusan dala biliyan 1 a lokacin. Masu ƙuri'a suka ƙi da babban rinjaye, sai ta bayyana an riga an ware kuɗin, har an sayar da miliyan 10 daga ciki. Gidauniyar ta ce ƙuri'ar ta tabbatar da abin da aka riga aka yi ce. Bayan hayaniya ta ja da baya, aka sake tsara abin da sharuɗɗa. Abin lura a nan shi ne yadda aka kama zancen: mutanen da suka iya karanta irin shafin nan da ƙanena ya buɗe ne suka bi sawun kuɗin daga adireshi zuwa adireshi.

Na san da yawa daga masu karanta wannan littafi ba neman ilimi ne ya fara kai su tesnet ba, neman eyadirof ne, rabon kyautar da sabon aiki ke yi wa waɗanda suka riga kowa. Ba abin kunya ba ne, kuma zancen yana da tushe. A Satumbar 2020 Uniswap ya ba duk adireshin da ya taɓa amfani da shi UNI 400. A Oktobar 2022 Aptos ya raba APT miliyan 20 ga mutum kusan 110,000 da suka shiga harkar gwajinsa, kuma tun daga nan aka yi ta rububin filayen gwaji. Amma dubi Arbitrum ɗin kansa: adireshi kusan 625,000 suka cancanta, mafi ƙaranci ARB 625, mafi yawa 10,250, kuma abin da aka ƙirga shi ne amfani da layin gaske kafin 6 ga Fabrairu 2023. Zirga-zirgar filin gwaji ba ta shiga lissafi ba. Sui kuwa, da jama'a suka yi wa tururuwa, ya buɗe a Mayun 2023 bai yi irin rabon da aka sa rai ba. Notcoin, ɗaya daga wasannin Telegram, ta fashe a Mayun 2024, samari a Arewa suka ga kuɗi a hannun abokansu, aka ruɗe da danna waya. Da Hamster Kombat ta zo rabo a ranar 26 ga Satumba 2024, bayan ta yi iƙirarin masu wasa miliyan 300, abin da akasari suka samu 'yan daloli ne bayan watanni ana ƙona data da caji.

Abin da ke damuna ya wuce ƙarancin rabon. Matashi ya yi wata shida yana danna hoto, ya fito bai san mene ne gas ba, bai san izinin kwantiragi ba, bai taɓa buɗe shafin bin sawun ciniki ba. Irinsa ne kuma ɓarayi ke jira da shafin bogi mai cewa shigar da kalmominka 12 ka karɓi rabonka. Babu aikin gaskiya da zai nemi kalmomin nan, ko a gwaji ko a gaske. Yammaci ɗaya a kan Sepolia ya fi wata shidan nan koyarwa, kuma abin da ka koya zai bi ka zuwa kowane aiki na gaba. Idan rabo ya biyo baya, alhamdu lillahi.

Gwajin yana da wani amfani da ba a cika ambata ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kirifto, kuma sau da yawa mai tambaya ba ya iya bayyana wa malamin abin da yake tambaya a kai. Wanda ya gwada zai iya cewa: Malam, ga abin da ake bayarwa, ga abin da ake karɓa, ga inda ribar ke fitowa, ga wanda ke iya riƙe kuɗin. Amsar da za a ba shi za ta fi ta wanda ya ce kawai wani abu ne ake dannawa a waya.

Wani lokaci gwajin tun a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ka nemi tesnet babu, ka nemi shafin bin sawu babu, ka nemi adireshin kwantiragi a ce sai an ƙaddamar. OneCoin ta tara sama da dala biliyan 4 a faɗin duniya alhali ba ta da bulokcen na gaskiya, lambobi ne a kwamfutar kamfani, shugabarta Ruja Ignatova kuma ta ɓace tun Oktobar 2017. Rashin abin gwadawa shi ma sakamako ne, ka rubuta shi.

Idan aiki ya tsallake duk wannan kuma ka yanke shawarar shiga, saura gwaji ɗaya, shi kuma da kuɗin gaske ake yinsa, ɗan kaɗan da ɓatansa ba zai hana ka barci ba. Ga mai zama a Kano ko Gusau ƙofar fita ba a Ethereum ta ƙare ba, sai naira ta shiga asusun banki, kuma wannan zangon yana da nasa tarihin: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, Binance kuma ta daina hulɗa da naira a Maris 2024. Saboda haka ka bi da ɗan kuɗin nan tun daga farko har ƙarshe: ka saya, ka tsallaka, ka yi abin da aikin ya ce ana yi da shi, ka sayar, ka fito, ka mayar naira. A kowane zango rubuta abin da aka cire da tsawon jiran da ka yi. Sannan ka ɗebe abin da ya dawo daga abin da ka saka, ka ga nawa hanyar kaɗai ta ci kafin a zo maganar riba.